Yadda ake haɗa takin rami don farfaɗo da gonar da ta gaji

Idan gonarka irin jigawar nan ce ta wajen Kano, Katsina, Jigawa ko Maraɗi, kullum sai ka ƙara buhun taki amma amfanin yana nan jiya i yau, to ba lallai matsalar daga takin da ka saya take ba. Ƙasar ce ba ta da abin da zai riƙe mata shi. Wannan abin shi ne baƙin ruɓaɓɓen nan da ke saura bayan ganye da kara da kashin dabbobi sun gama ruɓewa, wanda malaman gona ke kira humus. Ka je gindin tsohon gawo ko inda aka daɗe ana ɗaure awaki ka tona da hannu, za ka ɗebo ƙasa baƙa-baƙa mai laushi tana ɗan dunƙulewa, to shi nake nufi. A yawancin gonakinmu na tudu bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba, saboda zafin wurinmu yana cinye shi da wuri, mu kuma da an yi girbi sai mu kwashe kara tas, na danni daban, na girki daban, na dabbobi daban, ɗan abin da ya rage a banka masa wuta lokacin sharar gona.

Ga ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki shebur. Yashi zalla ba ya riƙe komai, ka zuba masa takin zamani na kamfa (NPK) a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, rabin kuɗinka ya bi ruwa ya wuce inda saiwa ke kaiwa, kamar mai zuba ruwa a rariya. Shi kuwa humus jikinsa yana kama sinadaran abincin shuka irin su fotashiyam da kalsiyam da wani ɓangare na naitirojin, ya riƙe su har saiwa ta zo ta ɗauka. Yana kuma manne ƙwayoyin ƙasa su zama ƙananan curi-curi, sai ruwa da iska su samu hanyar shiga, ƙasa ta daina yin ɓawon nan mai tauri da ke hana tsiro fitowa bayan ruwan sama. A laka ma yana aiki, yana sassauta ta, ta rage danƙo da tsagewa.

Sai maganar tsami. Yuriya kaɗai shekara da shekaru tana sa ƙasa ta yi tsami, idan kuma tsamin ya yi yawa, wato ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5, sai ƙarfe da alminiyam da ke cikin ƙasar su ƙulle sinadarin fosfaras, yana nan a gonar amma shuka ba ta iya ɗauka. A Samaru ta Zariya akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, aka yi shekaru ana kwatanta inda ake zuba takin zamani kaɗai da inda ake haɗawa da kashin shanu, kuma abin da aka daɗe ana gani shi ne inda aka haɗa biyun ya fi riƙe ƙarfinsa. Don haka ni ban ce ka daina sayen taki ba, cewa nake ka gina wa takin wurin zama.

Kayan aiki

Diga da shebur na haƙa, adda ta saran kara, fartanya ko manjagara ta juyawa, baro ko kwando, jarkoki ko duro na ruwa, tsofaffin buhuna ko tsohuwar tabarma ta rufi, da doguwar sanda busasshiya da ta kai tsayin ƙirjinka. Sai kwalbar roba fara mai marfi guda ɗaya, za ka ga amfaninta a mataki na farko.

Kayan haɗi

Kashi biyu ne. Akwai busassu: karan dawa, gero ko masara, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, shimfiɗar turke da fitsari ya jiƙa, wannan ta ƙarshen zinariya ce kar ka bari a share a zubar. Akwai kuma masu ƙarfi: kashin shanu, awaki, tumaki, kaji, ɗanyen ganye irin tafasa ko darbejiya, ɓawon kayan miya, ruɓaɓɓen tumatir da ragowar ganyen kasuwa. Sai toka kaɗan da ƙasa daga gindin bishiya ko tsohon juji kwando biyu-uku.

Harawa da rauga ban sa su a lissafi ba, don babu mai hankalin da zai binne harawa a watan Maris, ka ba dabba ta ci ka ɗauki kashin. Buntun shinkafa da dusar katako suna daɗewa ba su ruɓe ba, in za ka sa su to kaɗan, kuma ka ƙara kashin kaji a kansu.

Abin da ba ya shiga ko kaɗan: leda, batir, fasasshiyar kwalba, nama da ƙashi, kashin kare da na kyanwa, bayan gidan mutane, da ciyawar wuta-wuta da ta riga ta yi fure. Ita wannan ƙone ta za ka yi, irinta yana iya shekara goma a ƙasa yana jiran dawa.

1. Ka fara sanin ƙasarka

Ka ɗebi ƙasa daga wurare kamar biyar a gonar, zurfin bakin fartanya, ka gauraya. Ka jiƙa kaɗan ka murza a tafin hannu. In ta ƙi dunƙulewa tana ƙaiƙayi a yatsa, yashi ne ya yi rinjaye. In ta murzu ta yi tsawo kamar igiya tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, laka ce.

In kana son ka gani da idonka, zuba ƙasar a kwalbar nan zuwa kashi ɗaya cikin uku, cika da ruwa, girgiza sosai ka ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai zauna a ƙasa, bayan awa biyu mai laushi ta hau kansa, laka kuma sai ta kwana ɗaya ko biyu kafin ta kwanta. Ɗan baƙi-baƙin da ke yawo a sama shi ne ragowar ganye da saiwa, a gonar da ta gaji da ƙyar za ka gan shi.

Tsami kuwa ido ba ya auna shi. Akwai 'yar takardar gwajin pH da ake samu a wasu shagunan kayan noma, ko ka tambayi malamin gona na yankinku ya nuna maka inda ake kai ƙasa awo, jami'o'i irin ABU da BUK suna da sashen kimiyyar ƙasa. Tsakanin 5.5 da 7 yawancin amfaninmu lafiya lau. In babu halin awo, ka tuna yadda masararka ta yi bara: ganyen ƙasa yana yin rawaya daga baki ya bi tsakiya, yunwar naitirojin ce, in kuma tana ƙarama ganyen ya yi ja-ja mai duhu ta tsugune ta ƙi tashi, fosfaras ne ba ta samu.

2. Wuri da rami

Ka nemi inuwa, kusa da ruwa, amma ba kusa da rijiyar sha ba. Tsawo mita 2, faɗi mita 1 da rabi, zurfi kar ya wuce mita 1, in ya wuce iska ba ta kaiwa ƙasa kuma juyawa za ta zama azaba. In da hali ka haƙa biyu gefe da gefe, ɗaya a cike ɗaya fanko, ranar juyi sai dai ka kwashe daga wannan ka zuba a wancan.

Rami na rani ne, don yana kare takin daga iskar hunturu da ke busar da komai. Da damina ko a fadama inda ruwa ke kwanciya kar ka haƙa, tsibi za ka yi a bisa tudu ka yi masa 'yar rumfa. Lokacin da ya fi shi ne bayan an gama kai amfani gida, Disamba zuwa Fabrairu, don ya nuna kafin ruwan shuka.

3. Sara da jiƙawa

Nan ne mutane suka fi yin ganda. Karan dawa in ka jefa shi yadda yake, wata shida ka dawo ka same shi yana kallonka. Ka sassare shi da adda kamar tsawon yatsa zuwa tafin hannu, ka tara, ka yayyafa masa ruwa da yamma ya kwana a jiƙe. In kana da shanu ko awaki akwai hanya mafi sauƙi, ka shimfiɗa karan a turke sati biyu su tattake shi su yi masa fitsari, sai ka kwashe duka.

4. Jerawa hawa-hawa

Can ƙasa ka fara da manyan kara ko ƙirare kamar kaurin tafin hannu a tsaye, don iska ta samu wurin shiga. Daga nan:

busassun kaya kamar taƙi ɗaya, ka yayyafa ruwa
kashin dabbobi ko ɗanyen ganye kamar kaurin yatsu huɗu
ƙasar gindin bishiya ka barbaɗa sama-sama, ita ce ke kawo ƙwayoyin halittar da za su yi aikin
toka tafi ɗaya ko biyu, ka barbaɗa a kan busassun kaya na hawa na gaba

Haka za ka yi ta maimaitawa har ramin ya cika ya ɗan yi tozo, don zai sauka. A ƙiyasce kwando uku na busassu, kwando ɗaya na masu ƙarfi. In kashin kaji ne rabin kwando ya isa, yana da zafi sosai.

Dan Allah a kula da toka. Tana da fotashiyam da kalsiyam kuma tana rage tsami, shi ya sa ake sa ta, amma babu naitirojin a cikinta ko kaɗan, kuma in ka zuba ta kai tsaye a kan ɗanyen kashin kaji za ka ji wani wari mai shiga hanci kamar na tsohon fitsari, wannan naitirojin ɗinka ne yake tashi sama. In kuma gonarka ta noman rani ce da kake ganin fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa in ta bushe, to ka manta da toka gaba ɗaya, ƙara mata ciwo za ka yi.

Ruwa kuma ga yadda ake gane ya yi: ka damƙi kayan ka matse da ƙarfi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu. In yana zuba ya yi yawa, in ka buɗe hannu ya warwatse bai isa ba. Kar ka hau kai kana tattakawa, iska yake so.

5. Rufi da sanda

Ka rufe saman da ƙasa kaurin yatsa biyu, ka ɗora buhuna ko ciyawa. Leda mai kauri tana riƙe laima, amma ka bar gefe a buɗe. Sai ka soka sandar nan a tsakiya a karkace har ƙasa ka bar ta.

Bayan kwana uku zuwa biyar ka zare ta ka taɓa. Ya kamata ka ji ta da zafi da laima, da sassafe lokacin sanyi har tururi za ka ga yana tashi daga ramin da ta bari. Cikin tsibin da ya kama aiki yana kaiwa digiri 55 zuwa 65, wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawar da ke cikin kashin shanu da ƙwayoyin cuta. Sanda ta fito da sanyi kuma a bushe, ruwa yake so. Ta fito da sanyi a jiƙe, kashin dabbobi ne ya yi kaɗan. Ta fito da farin abu kamar gari a jikinta, ya yi zafi ya bushe, ƙara ruwa ka juya.

6. Juyi

Duk sati biyu zuwa uku. Na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, kana yi kana yayyafa ruwa a inda ya bushe. Juyi uku zuwa huɗu ya isa. Bayan kowane juyi zai sake ɗaukar zafi amma bai kai na baya ba, wannan daidai ne.

In kana juyawa ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kayan sun yi baƙi sun yi yauƙi, ruwa ya yi yawa iska ta ɗauke, sai ka baza shi ya sha iska yini ɗaya ka ƙara ƙaiƙayi ko busasshen ganye. Tururuwa ta cika shi, alamar bushewa ce. Gara kuwa kar ta ɗaga maka hankali in kaɗan ce, tana taya ka farfasa kara, sai dai in ta yi yawa to ita ma bushewar take nuna maka. Ka sa takalmi mai rufi ka lura da kunama da maciji, suna son ɗumin wurin.

Masu ƙarancin ruwa, ruwan wanke-wanke da na wankin hatsi da na alwala duk suna yi, banda mai bilic ko omo da yawa. Ka sa duro a tsakar gida a riƙa tarawa.

7. Yadda za ka gane ya nuna

Wata biyu zuwa uku in ana juyi, in ba a juyi wata biyar ko fiye. Zai sauka zuwa kusan rabi, ya yi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ya daina zafi, ka damƙa ya marmashe, ba ka iya cewa wannan kashin akuya ne wannan ganye ne, sai ɗan guntun kara nan da can. Ƙamshinsa irin na ƙasa ne ranar ruwan farko. In kana shakka, cika gwangwani da shi ka shuka wake ko masara ƙwaya goma, in sun fito kore shar to ya yi.

Kar ka yi gaggawar kai ɗanye gona. Wanda bai nuna ba ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna jan naitirojin ɗin da ke ƙasa su yi aikinsu, sai ka ga shuka ta yi rawaya sati uku ka ce takin ne bai da kyau. Ɗanyen kashin kaji kuma ƙone tsiro yake yi. Masu latas da kabeji da karas, abin da ake ci ɗanye, ku kam kar ku kusanci wanda bai nuna ba.

In ya nuna kafin lokaci ka bar shi a inuwa a rufe.

8. Kaiwa gona

Abin da nake gani duk shekara yana ba ni haushi: a kai taki gona da amalanke tun watan Maris, a zuba tsibi-tsibi, rana ta yi ta dukansa wata biyu iska tana kwasa. Ka kai shi sati ɗaya ko biyu kafin shuka kuma ka rufe shi da ƙasa, ko a baza a bi da huɗa nan take. Wurin aikinsa shi ne taƙi ɗaya na saman ƙasa inda saiwa ta fi yawa.

A baza ko'ina ana maganar kamar tan 5 a hekta, rami ɗaya irin wanda na kwatanta kuwa da ƙyar ya ba ka tan 1. To kar ka yayyafa shi sama-sama a duk gonar ya zama ba a ga komai ba. Ko dai ka raba gonar kashi uku ko huɗu kana bi duk shekara kashi ɗaya, ko ka sa shi a ramin shuka, cikin tafi biyu kowane rami, ka gauraya da ƙasa. A haka tan 1 zai ishe ka ramuka wajen 3,000.

In wurin fako ne da ruwa ke gudu a kai ko ciyawa ba ta fita, yi irin na mutanen Tawa da Illela a Nijar da suke kira tassa, a Barkina Faso kuma zai. Tun da rani a haƙa rami faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazarar taku ɗaya, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki a ciki. Gara za ta biyo takin ta huda ƙasar ta ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse, sai a shuka gero ko dawa a ciki. Aiki ne mai cin ƙarfi, amma ramin yana yi maka shekara biyu zuwa uku. A yashi mai laushi ba ya yi, rufewa yake.

9. Sannan takin zamani

Takin rami a hankali yake sakin abinci, kuma fosfaras ɗinsa bai taka kara ya karya ba, masara musamman ba za ta ƙoshi da shi kaɗai ba. Ga gero da dawa akwai dabarar da aka gwada a cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai: cikin marfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa 15-15-15, wajen giram 6, a kowane rami lokacin shuka. Ka sa shi a gefe, yatsa uku tsakaninsa da iri, in sun haɗu zai ƙone shi. Wake, gyaɗa da waken suya takin sufa, wato na fosfaras, suka fi so.

Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 ɗinta naitirojin ne kuma saurin gudu gare ta. Ka soka rami a gefen shuka ka binne ta lokacin da ƙasa ke da laima, sati huɗu zuwa shida bayan shuka. Kar ka watsa ta a sama da rana tsaka, kar ka gauraya ta da toka.

10. In wani abu ya gagara

Ba ka da dabbobi: ɗanyen ganye ya maye gurbi, tafasa da ciyawar da ba ta yi iri ba suna da yawa a ƙarshen damina, sai ka yi tsibinka a Satumba. Ko ka narka yuriya cikin gwangwanin madara ɗaya a jarkar ruwa ka riƙa yayyafa wa busassun kayan. Kwatar garinku ma, wato mahauta, ana samun tumbin da aka zubar, yana da ƙarfi, sai dai a binne shi a tsakiya saboda ƙuda da karnuka.

Ba ka da lokaci ko ruwa: tsohuwar hanya tana nan, ka shirya da makiyaya su sauka a gonarka da rani, ana matsar da turke duk bayan 'yan kwanaki don kar ya taru wuri ɗaya. Fitsarin da ke shiga ƙasa kai tsaye shi ne ribar, wanda mai kwasowa da mangala ba ya samu.

Takin bola na birni, manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗaukarsa da jakai, amma bolar yanzu leda da batir da allura sun cika ta. In shi ka samu to ka tankaɗe da wayar raga, ka sa safar hannu, kuma ka nisanci wanda ya fito daga kusa da masana'anta, majema ko asibiti.

Shekarar farko kar ka sa ran ganin abin mamaki, abin da za ka fara lura da shi shi ne in ruwa ya ɗauke kwana goma, ɓangaren da ka sa wa taki ya fi jimawa bai yi yaushi ba. Kuma tunda zafi yana cinye humus duk shekara, sai ana ƙarawa. Bayan girbi ka bar ko da kashi ɗaya cikin uku na karan a kwance a gona, ka riƙa juya hatsi da wake ko gyaɗa, lokacin sassabe kuma in ka ci karo da tsiron gawo, kalgo ko sabara kar ka tumɓuke, ka rage rassan ka bar biyu ko uku masu ƙarfi su tashi kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram ke yi tun shekarun 1980. Gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa. Ramin kuwa ranar da ka kwashe ka fara zuba sharar turke a ciki ta zagaye na gaba.